Sabon Gida da Fasalin Na Kakanni: Yadda Za Mu Haɗa Ginin Ƙasa da Kayan Zamani



Iyalai da yawa a cikin ikkilisiyoyinmu suna da aikin gini a gabansu. Waɗansu ambaliyar ruwa ce ta rushe musu ɗakuna, kamar yadda ya faru a jihohi da dama a 2012 da 2022, da kuma Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Waɗansu rikici ne ya kore su, yanzu suna komawa kufai, su tarar ko jinka ɗaya ba ta rage ba. Waɗansu kuma samari ne masu shirin aure. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: da me zan yi gini?

Yawancin mutane suna ganin hanya biyu ce kawai. Mai kuɗi ya sayi bulon siminti da kwano. Marar kuɗi ya yi ginin ƙasa da ciyawa, yana jin kunya, yana jiran ranar da zai rushe shi. Amma siminti ya yi tsada ƙwarai. A farkon 2024 buhu ɗaya ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Shi ya sa muke ganin gine-ginen da aka kai tsayin taga aka bar su shekara da shekaru, ciyawa ta tsiro a ciki, iyalin kuwa suna cunkushe a ɗakin aro.

Akwai hanya ta uku. Mutum yana iya gina sabon gida da fasalin gidajen kakanninmu, da ƙasar da take ƙarƙashin ƙafarsa, ya sa siminti da rodi da kwano a wuraren da suka fi bukatarsu kaɗai. Wannan shi ne abin da za mu bayyana.

Abin da kakanninmu suka sani

Ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. A Wusasa kusa da Zariya akwai tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina wajen 1929 da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa, har yau kuwa tana tsaye. A cikin birnin Zariya, babban magini Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, masana gine-gine daga ƙasashe da yawa suna zuwa su ga bakan gizon da ya ɗaure a ciki. A Agadas ta Nijar akwai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27. A kan tsaunin Sukur na Jihar Adamawa mutane sun jera dutse a kan dutse sun yi shinge da hanyoyi, har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Wanda ya je Jos kuma zai iya ziyartar gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da babban gidan tarihi, ya ga irin waɗannan ayyuka da idonsa.

Waɗannan magina sun san abubuwa da dama. Sun san bango mai kauri yana riƙe zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya ratsa ciki, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da tsakar rana, da ɗumi kuma a daren hunturu. Sun san a faɗaɗa gindin bango a rage kaurinsa yayin da yake hawa sama. Sun san azarar giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Sun san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi daga marina, don kare bango da daɓe daga ruwa. A ƙasashen duwatsu kuma sun san a fara gini da dutse kafin a ɗora ƙasa. Ɗaki mai kewaye da aka saba yi a ƙauyukanmu ba shi da kusurwar da za ta tsage, iska mai ƙarfi kuma takan zagaye shi ta wuce.

Inda ginin dā yake da rauni

Sai mu faɗi gaskiya, ginin ƙasa yana da abokan gaba. Babbansu shi ne ruwa, yana kuwa zuwa ta hanya uku. Yana tasowa daga ƙasa ya jiƙa gindin bango har ya ruɓe. Yana sauka daga sama ta rufi mai yoyo ko indararon da ya toshe. Yana kuma bugun bango daga gefe idan ruwa ya zo da iska. Bayan ruwa sai gara, sai ɓeraye, sai gobara a rufin ciyawa. Ga shi kuma giginya ta yi ƙaranci, ciyawar jinka tana wuyar samu, matasa da yawa ba su koyi yin yaɓe kowace shekara ba.

Idan muka lura da kyau, yawancin ɗakunan ƙasa da suke faɗuwa da damina daga gindi suke fara lalacewa, ko kuwa daga saman bango inda rufi ya bar ruwa ya shiga. Tsakiyar bango ba ta cika kawo matsala ba. Saboda haka ga ƙa'idar da za mu bi: kuɗin da ke hannu a kashe shi a gindi da kuma sama, tsakiya a bar wa ƙasa.

Wuri da harsashi

Ubangijinmu ya ba da misalin mutum biyu masu gini, ɗaya a kan dutse ɗaya a kan yashi, a cikin Matiyu 7:24-27. Maganar ta ruhaniya ce, amma duk magini ya san gaskiyarta.

Kafin a haƙa komai, a tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun ambaliya. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa ko a fadama, ko da filin kyauta ne. A guji baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, domin tana kumbura da damina ta motsa gini. Idan akwai shuri kusa, a haƙe shi a fitar da uwar garar. A kuma tabbata an daidaita maganar fili a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a takarda. Wannan yana da muhimmanci musamman ga gwauraye mata da marayu.

Ga yadda za a yi harsashi:

• A haƙa rami a cire ƙasar sama mai taki da saiwoyi, har a kai ƙasa mai tauri. Sau da yawa wannan yakan kai ƙafa 2 ko fiye. Faɗin ramin ya fi kaurin bango.

• A cika shi da dutse a haɗe da kwaɓin siminti, ko a zuba kankare na awo 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa.

• A ci gaba da dutse, ko bulon siminti, ko jan bulo da aka gasa, har gini ya tashi aƙalla ƙafa 1 da rabi bisa ƙasa. A wurin da ruwa yakan kwanta, a kai ƙafa 2 ko fiye.

• A kan wannan sai a shimfiɗa leda mai kauri, ko a shafa kwalta, kafin a ɗora layin farko na ƙasa. Wannan leda ita ce za ta hana danshi hawa bango. Kuɗinta kaɗan ne, amma tana iya ƙara wa gida shekaru masu yawa.

• Bayan an gama gini, a tara ƙasa a gindinsa ta yi gangare zuwa waje, a yi lambatu don ruwa ya bar gidan da sauri.

Gwada ƙasa kafin a fara

Ba kowace ƙasa ce take yin gini ba. Wadda yumɓu ya yi mata yawa takan tsage idan ta bushe. Wadda yashi ya yi mata yawa takan marmashe. Ƙasar saman gona ba ta da amfani ga gini, a bar ta don shuka. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa da ake samu a ƙarƙashi ita ce ta fi kyau a yawancin wurarenmu. Ga gwaji uku da kowa zai iya yi:

Gwajin kwalba. A zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai haske, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai fara kwanciya nan da nan, sai ƙasa mai laushi, yumɓu kuwa sai daga baya ya kwanta a sama. Washegari a duba. Ƙasa mai kyau ita ce wadda yashi ya fi rabi, yumɓu kuma bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Gwajin murzawa. A jiƙa ƙasa a murza ta ta yi tsawo da kaurin babban yatsa biyu, a tura ta a hankali ta bakin tebur. Idan ta karye tun ba ta kai inci 2 ba, yashi ya yi yawa. Idan ta wuce inci 6 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara yashi.

Gwajin bulo. Wannan ya fi duka. A buga bulo kaɗan da ƙasa iri dabam dabam, a bar su su bushe mako 2. Wanda bai tsage ba, wanda mutum zai taka bai fashe ba, wanda kuma kusurwarsa ba ta marmashewa a hannu, ƙasarsa za a yi aiki da ita.

Bango: hanya uku

Hanya ta fari ita ce wadda muka gada: tubali da ake mulmulawa da hannu, ko bulon ƙasa da ake bugawa a akwatin katako a shanya a rana. Ba a sa siminti ko kaɗan. A kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ana tattakawa, sa'an nan a buga. Kada a yi gini da bulon da bai bushe har ciki ba. Bangon waje kada ya gaza inci 12 a kauri. A riƙa ɗora layi kaɗan a rana don na ƙasa ya sami ƙarfi. Wannan hanya ita ce mafi araha, idan kuma gindi da rufi sun yi kyau ta isa gidan iyali.

Hanya ta biyu ita ce bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙera irin wannan injin hannu a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, ana kiransa CINVA-Ram. Ba ya bukatar mai ko lantarki, ƙarfin mutum biyu ya isa. A Nijeriya, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wato NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera injunan buga irin wannan bulo. Ana tankaɗe ƙasa, a haɗa ta da siminti kaɗan, misali kwanon sarki 1 na siminti ga kwano 16 zuwa 20 na ƙasa. A gauraya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sa'an nan a yayyafa ruwa kaɗan. Don a san ruwan ya yi daidai, a dunƙule ƙasar a hannu a sake ta daga tsayin ƙugu. Idan ta fashe gida huɗu ko biyar, ta yi. Idan ta watse kamar gari, ruwa bai isa ba. Idan ta faɗi a dunƙule, ruwa ya yi yawa. Abin da aka kwaɓa a matse shi cikin sa'a ɗaya, kada a bar shi ya jira.

Buhu ɗaya na siminti yana iya ba da bulo sama da 100 masu girman santimita 29 da 14 da 9. Amma ga inda mutane da yawa suke kuskure: suna shanya bulon a rana nan take. Siminti yana bukatar danshi kafin ya yi ƙarfi. A jera bulon a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda ko biyu, a kuma jira kwana 28 kafin a yi gini da shi. A lokacin hunturu sai an ƙara kula, gama iska tana busar da shi da wuri. Kada mu ruɗi kanmu cewa wannan bulo kyauta ne, yana cin siminti. Ribarsa ita ce ba a sayen yashi mota mota, yana jure ruwa fiye da bulon rana, yana da sanyi fiye da bulon siminti mai rami, yana kuma da kyan gani har ba ya bukatar filasta.

Hanya ta uku ita ce a haɗa biyun. A sa bulo mai siminti ko jan bulo a layukan ƙasa, da kusurwoyi, da gefen ƙofa da taga, da bangon da ruwan sama ya fi bugu, wanda a yawancin wurarenmu shi ne na gabas. Sauran a cika da bulon rana.

Ɗamarar gida

Ko wace hanya aka bi, akwai abu guda na zamani da bai kamata a bari ba. Idan bango ya kai saman ƙofa da taga, a zuba kankare da rodi a zagaye ginin duka ba tare da yankewa ba, har da bangayen ciki. Magina suna kiransa linta. Awonsa shi ne 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Aikinsa kamar ɗamara ne, yana riƙe bangaye kada su buɗe a kusurwa, yana kuma raba nauyin rufi daidai.

Tun kankaren yana ɗanye, a dasa ƙananan rodi ko waya mai kauri a ciki, a bar bakinsu a waje. Da su za a ɗaure katakon rufi. Kowace shekara a farkon damina iska tana kwashe rufin gidaje da majami'u da makarantu, sau da yawa kuwa dalilin shi ne an kafa katako da ƙusa kawai, ko an danne kwano da duwatsu.

Rufi

Kwano yana da amfani. Ba ya kama wuta kamar ciyawa, yana daɗewa, ana kuma iya tara ruwan sama da shi. Illarsa ita ce zafi da ƙara. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ya san wannan.

A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wani ɗan ƙauyen mai suna Francis Kéré, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a Jamus, ya gina makarantar firamare tare da mutanen garinsu, aka gama a 2001. Da farko mutane ba su so ginin ƙasa ba, suna ganin damina za ta cinye shi. Ya yi bango da bulon ƙasa mai ɗan siminti, ya yi silin da bulon ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano sama a kan rodi, ya bar fili tsakanin kwano da silin don iska ta riƙa wucewa tana kwashe zafi. Kwanon kuma ya fito waje sosai yana kare bango. Makarantar ta sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker, wadda ita ce babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine.

Muna iya ɗaukar darasi daga wannan ko a ƙaramin ɗaki:

• Bakin rufi ya fito waje aƙalla ƙafa 2 a kowane gefe. Idan an yi baranda a gefen da ruwa ke bugu, ya fi kyau.

• A yi silin. Ba lalle sai na kanti ba. Zana, ko asabari, ko kara da aka jera aka shafe da ƙasa, duk suna tare zafi.

• A bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, a rufe su da waya mai ƙananan ido saboda jemagu da ɓeraye.

• A shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora shi.

Mai son soro irin na dā, da rufin ƙasa a kan azara, yana iya shimfiɗa leda mai kauri a tsakanin ƙasar rufin, ya rufe ta da wata ƙasa don rana kada ta cinye ta. Indararo ya zama na ƙarfe ko na roba, mai tsawo, don ya zubar da ruwa nesa da bango. A riƙa duba shi kafin damina da kuma bayan kowane babban ruwa.

Akwai kuma rufin ƙasa da ba ya bukatar katako ko kwano sam. Dabara ce ta mutanen Nubiya a kwarin kogin Nilu, ta fi shekara 3,000. Ana jera ƙananan bulo a jingine, layi bayan layi, har su haɗu su yi baka. Wata ƙungiya da aka kafa a 2000, wadda ta fara aiki a garin Boromo na Burkina Faso, ta koya wa magina da yawa wannan aiki a can da Mali da Senegal da Ghana da Benin. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3 da ɗan kai, bangayen da ke ɗauke da bakan kuma suna da kauri ƙwarai. Gargaɗi a nan shi ne, kada kowa ya gwada wannan rufi sai tare da maginin da ya koye shi sosai. Rufin ƙasa yana da nauyi, kuskure a cikinsa yana iya jawo asarar rai.

Kuskuren filastar siminti

Mutane da yawa sukan shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kama da gidan birni. Bayan damina biyu ko uku sai filastar ta tsage, ta fara ɓamɓarewa falle falle. Dalili shi ne ƙasa da siminti ba sa miƙewa da ƙanƙancewa daidai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ma ruwa. Idan ya shiga bayan siminti ba ya samun hanyar fita, sai ya riƙa cin bangon a ɓoye, mai gida yana ganin waje lafiya.

Abin da ya fi dacewa da bangon ƙasa shi ne yaɓen ƙasa, da yashi da ciyawa mai laushi, a bi shi da makuba inda ake samunta, a sabunta shi idan ya zaizaye. Idan lalle ana son siminti a gefen da ruwa ke bugu, a kafa wayar kaji a jikin bango da dogayen ƙusoshi tukuna, a yi kwaɓin da yashi mai yawa, a kuma riƙa toshe duk tsagar da ta bayyana. A cikin ɗaki, farar ƙasa ta isa, tana ƙara haske.

Lafiyar iyali

Ɗakunan dā suna da duhu da ƙarancin iska. A nan ya kamata mu gyara. Kowane ɗaki ya sami taga biyu masu fuskantar juna, amma kada a sa taga kusa da kusurwa, a bar aƙalla ƙafa 3. A sa wayar sauro a tagogi. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro yakan shiga ɗaki da dare ta ratar da ke tsakanin bango da rufi, don haka a toshe ta ko a sa mata waya, a ci gaba kuma da kwana cikin gidan sauro.

Daɓen siminti yana da sauƙin shara da wanki, yana rage tsutsar ciki ga yara masu rarrafe. Idan kuɗi bai kai ba, a yi daɓen gargajiya mai kyau, a sa siminti daga baya. Madafa ta kasance dabam, da hanyar fitar hayaƙi. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini kada a bar shi ya zama kududdufi a tsakiyar gari, inda sauro zai hayayyafa, yara kuma su faɗa. A cike shi, ko a mai da shi ramin taki, ko a kewaye shi.

Kada mu yar da fasalin gidanmu

Gida ba bango da rufi kaɗai ba ne. Tsarin gidajenmu na dā ya dace da zamanmu: zaure ko rumfa inda ake karɓar baƙi a yi addu'ar safe, tsakar gida inda mata suke aiki yara suna wasa a gaban idonsu, ɗakin tsohuwa kusa da na jikoki, rumbu a inda ido yake kai, itace mai inuwa. Irin wannan gida ana gina shi ɗaki ɗaki, gwargwadon ƙarfi, ba sai an ci bashi ba. Zanko a saman bango, da zane a bakin ƙofa, da adon da mata suke yi wa bango da hannu, ba su cin kuɗi, suna kuma nuna ko mu su wane ne. Wanda ya rasa gidansa ya koma ya gina irin wanda ya sani, zuciyarsa takan fi saurin kwanciya.

Lissafi da lokaci

A cikin Luka 14:28-30 Yesu ya yi magana a kan mai gini da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, don kada ya fara ya kāsa gamawa. A rubuta duk abin da za a saya: siminti, rodi, leda, kwano, katako, ƙusa, ƙofa, taga, da ladan magini da kafinta. A sayi kayan rufi tun kafin a fara bango, gama bangon ƙasa da damina ta same shi a buɗe ya zama asara. A buga bulo bayan girbi, a yi gini da rani, a rufe kafin ruwan fari. Ɗaki biyu da aka gama sun fi ɗaki biyar da suka tsaya a taga.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injin matse bulo ya fi ƙarfin iyali ɗaya, amma ikkilisiya ko gunduma tana iya sayensa ta riƙa ba da haya, a ajiye kuɗin don gyara. Matasa suna iya yin gayya, wannan mako a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan. Zumuntar mata tana iya yin adashi don kwano da siminti. A nemi tsofaffin magina su koya wa samari tun suna da rai, a haɗa su da birkilolin da suka san aikin kankare. A fara da gidan gwauruwa, ko na maraya, ko na wanda ba shi da mai taimako, ko da ba ɗan ikkilisiya ba ne. Idan za a gina gidan fasto ko ajin makarantar Lahadi, a gina shi ta wannan hanya don mutane su shiga su ji sanyinsa da kansu. A kuma shuka giginya da ɗorawa, domin jikokinmu su sami azara da makuba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane gini ne ya fi daɗewa a ƙauyenmu? Me ya sa ya daɗe?

2. Ɗakunan da suka faɗi a daminar da ta wuce, daga ina suka fara lalacewa?

3. Su wane ne a cikinmu suka iya tubali, da yaɓe, da daɓe, da jinka? Wa yake koyo a wurinsu?

4. Wane iyali ne a garinmu ya fi bukatar ɗaki kafin damina mai zuwa, me za mu yi kuma a wannan wata?

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba kowane iyali wurin kwana cikin salama. Amin.